Jirgin Ɗaka da Kan Igiya

A ƙauyenmu, can bisa tudu in ka bar Filingue ka nufi wajen Tabla, akwai wata rijiya wadda in ka jefa tsakuwa cikinta, kana iya zuwa gida ka sha fura ka dawo kafin ka ji ƙararta. Na san za a ce na ƙara gishiri. To a cire shan furar, amma a bar mini zuwa gidan. Kakanninmu suka gina ta, kuma kowace bazara, in ruwa ya ja baya yashi ya taru a gindinta, sai a yashe ta. Mutum guda ke sauka da igiya ɗaure a ƙugunsa, yana cika guga da yashi, samari na ja suna zubarwa.

Igiyoyin biyu ne. Ta yashi kowa na iya kamawa. Ta mutum kuwa, wadda ran mai sauka ke rataye da ita, tana da mai kai. Shi ke zama gaba, dab da baki, ya tokare ƙafafunsa da gungumen gawon da aka gitta, igiya na cikin tafinsa tun saukar mutum har fitowarsa. Akwai ƙarti a bayansa riƙe da sauran igiyar, amma ba sa ja sai ya ja. Kan igiyar nan na gidanmu ne. Kakana ya riƙe, babana ya riƙe, da ya rasu yayana ya karɓa. Sauka kuma ta gidan da gwaggona ta yi aure ce, kuma a zamaninmu ɗanta ke sauka, wato taubashina, wani siririn mutum da in ya tsaya bayan karan gero sai an yi cigiyarsa. Tun muna yara nake ce masa bawana, shi ma yana ce mini bawansa, har yau ba a yanke shari'ar ba. Al'ada ta ce mai sauka shi ke miƙa kan igiya da hannunsa ga wanda ya yarda da shi. Ba a tilasta masa, ko da maigari ne.

Ni a lokacin direba ne a wani furoje na dashen itatuwa a Filingue. Aikina zama ne: zama cikin mota, zama gindin bedi, wato darbejiya, ina jiran Nasaran da ke shugabantar aikin ya gama taro, zama gaban tasar shinkafa. Tumbina ya yi girman da sitiyari ya fara kai ƙarata. In na dawo gida shi ke fara yin sallama, ni sai daga baya nake isowa. Ba wanda ya taɓa zaton kan igiya zai faɗo kaina, sai da yayana ya tafi cin rani bakin teku, ya sami wurin zama, ya aiko a kai masa iyalinsa.

Baffa, ƙanen babanmu, shi ne babba a gidan. Ya kira ni ya ce hannunsa ya fara rawa, 'ya'yansa kuma duk mata ne, saura ni. Ya ce in gidanmu ya rasa mai riƙewa, ana ara wa gidan gabas shekara guda. In aka sake ba su a shekara ta biyu, to ya zama nasu, jikokinmu sai dai su ji labari. Ya ƙara wata magana a kan abin da ake nema ga mai kan igiya, amma ban ji ta ba, don a daidai lokacin ina ba shi labarin yadda na taɓa tura mota ni kaɗai daga Damana har gida, da fasinja a ciki. Na ce masa ya kwanta ya yi barcinsa, ƙarfi ne, kuma ƙarfi ana yin sa.

Na tafi gareji na samo sandar ƙarfe ta wata matacciyar mota, na cika manyan gwangwanaye biyu da siminti, na kafa su a bakunanta. Kowace safiya bayan salla sai in fito tsakar gida in yi ta ɗagawa: daga ƙasa zuwa ƙirji, daga ƙirji zuwa sama, in kwanta kan benci in tura, in tashi in naɗe hannu. Kafin bazara ta shigo damatsana sun kumbura, rigunana suka fara tsagewa a hammata, telan unguwarmu ya ce in na ci gaba haka sai dai ya koma ɗinkin tanti. Tumbin yana nan, sai dai ya sami maƙwabta.

Ranar yasar rijiya na iso bakinta da riga marar hannu, don kowa ya gani da idonsa. Taubashina ya zagaye ni, ya lallatsa damtsena kamar mai tayin rago a kasuwar Lahadi, ya ce nama ya yi, saura a ga ko akwai rai a ciki. Na ce masa in ya ji tsoro ya bari in sauke shi da hannu ɗaya, ɗayan ina shan shayi. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Sannan ya ɗauki kan igiya ya wuce ni, ya miƙa wa babban ɗan gidan gabas, wani mutum mai fuska kamar ƙofar da aka rufe.

Aka sa ni igiyar yashi tare da samari. Gugunan farko kam sun sha wuya, don fizgo su nake yi har yashi na watsuwa a kan mutane. Ina ja ina ba da labari, samari na dariya har igiya na kuɓuce musu, Baffa na ta hararata. Kafin rana ta ɗaga sosai sai labarin ya fara tsinkewa, sannan numfashin ya bi shi. Ƙirjina ya koma zugazugin maƙeri da ya huje. Damatsan suna nan da girmansu, amma ba iskar da za ta tuƙa su. Daga can ƙasa muryar taubashina ta fito tana amsa-kuwa:

"Wa ya kawo saniya mai naƙuda bakin rijiya? Ku kai ta inuwa kada ta haihu bisa kaina."

Matan da ke jiran ruwa suka rufe baki da gefen zane. Na ƙarasa ranar kwance gindin aduwa, ina kallon ɗan gidan gabas zaune a gurbin babana. Baffa ya zo ya ajiye mini butar ruwa ya juya ya tafi. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Na koma Filingue na yanke wa kaina hukunci: numfashi ne ya kashe ni, numfashi zan nema. Aka ce gudu ke kawo shi. Sai dai a makonnin nan ne sojoji suka karɓi mulki, rediyo na ta kaɗe-kaɗen bariki, kowa kunnensa a tsaye. Na fito da sassafe na kama hanyar Yamai da gudu. Mai shayi ya gan ni ya kife tukunyarsa, mai kanti ya fara rufe ƙofa, wasu mutane suka bi bayana da gudu ba su tambayi dalili ba. Da na tsaya ina haki na ce musu motsa jiki nake yi, wani dattijo da ya yar da takalminsa a hanya ya faɗa mini maganar da ba zan rubuta ba. Gudu ya ƙare daga ranar.

Ba a daɗe ba aka ce ƙasashen da ke ba da taimako sun yi fushi da mulkin soja, furojenmu zai rufe. Nasaran ya haɗa jakunkunansa, abin da ya rage a gidansa aka raba wa ma'aikata. Masu sauri suka kwashe firji da kujeru da katifu. Ni da na tsaya ba da labari a ƙofa, da na shiga sai na tarar da abu guda a ɗakin baya: doguwar sandar ƙarfe kwance, da 'yar kujera mai zamewa a kanta, da wurin sa ƙafa, da sarƙa irin ta keke mai mariƙi, a gaba kuma fanka cikin keji. Wani ya ce injin casar gero ne, wani ya ce na zare auduga. Mai gadi ya ce a'a, shi ya sha leƙen Nasara yana kai: zama yake yi ya yi ta ja da baya har gumi ya jiƙe siminti, wai jirgin ruwa yake tuƙawa.

Na ce da ni aka bar wa shi tun fil azal. Na ɗora shi a amalanke na ratsa gari da shi. Ni Bakurfe, ɗan ƙasar Kurfai, wanda babban ruwan da ya sani shi ne tabkin damina da jakuna ke sha, na zama mai jirgi. Mai ɗakina ta dube shi ta dube ni, ta ce matan sauran direbobi sun sami firji. Na ce mata firji ba ya kai mutum ko'ina. Ta ce wannan ma ba ta ga alamar zai fita daga ɗaki ba. Ita ta raɗa masa suna jirgin ɗaka, kuma sunan ya bi shi.

Tunda aiki ya ƙare, lokaci ya zama nawa, sai na haɗa su biyun a safiya ɗaya. In ɗaga ƙarfe har hannuna ya daina jin magana, sannan in hau jirgi in yi ta fizga da baya da hannu, ƙafafuna na nan a ajiye kamar na aro. Ban yi nisa ba wata safiya na sunkuya ɗaukar buta, bayana ya ce nan zai tsaya. Na yi kwanaki ina salla a zaune, ina tafiya kamar mai neman allura. Mai ɗakina na gasa mini baya da ruwan zafi da man kaɗanya, tana tambayata ko jirgin ne ya kife.

Kafin in warke kuma magana ta zagaye unguwa. Fankar jirgin tana da wani irin huci, fuu, fuu, da ake ji har titi, kuma a zamanin soja ba a son abin da ba a gane ba. Aka ce Nasara ya bar mini injin magana da ƙasashen waje. Wata rana da hantsi sai ga wani sarjan ya yi sallama, dogo, mai furfura a gefen kai. Ya ce, cikin ladabi, an ce akwai wani inji. Na kai shi ɗaki ina riƙe da ƙugu. Ya tsaya ya dube shi, sai ya fashe da dariya, ya cire hularsa ya miƙa mini, ya zauna kan kujerar. Ashe shi ke horar da ƙananan sojoji motsa jiki, kuma ya san irin injin tun wani kwas da ya yi.

Da ya fara ja sai na ga kamar ba injina ba ne. Ba fizga, ba kokawa. Ya ce in dubi ƙafafunsa: su ke fara turawa, sannan baya ya kwanta kaɗan, hannu shi ne na ƙarshe, shi aikinsa kawai ya kawo mariƙi ciki. In za a koma gaba kuma hannu ke fara tafiya, baya ya bi, sannan gwiwa ta lanƙwashe, a hankali, kamar mai komawa gidan surukai. Ya leƙa tsakar gida ya ga gwangwanayena, ya tambayi yadda nake haɗa su. Da na faɗa masa ya ce ko jakin haya ba a yi masa haka. Ya ce in raba musu kwana. Ranar ƙarfe in ɗan hau jirgi kaɗan don jini ya ɗumama, sannan in ɗaga mai nauyi tun ina da sabon ƙarfi, in tsaya kafin baya ya fara lanƙwasa. Ranar jirgi kuwa kada in taɓa ƙarfe, in yi doguwar tafiya a natse. Kuma in bar kumbura damtse haka nan, in koma tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, da ɗaga shi daga ƙasa da miƙaƙƙen baya, don ƙarfin ja a cinya da ƙugu yake zaune. Juma'a kuma in huta, ko ƙarfen ma yana son ya huta da ni.

Ya sha ruwa ya tafi. Abin da ya kai wa manyansa ban sani ba, amma daga baya yakan biyo wani lokaci ya ce ya zo sake binciken injin, ya bincike shi har rigarsa ta jiƙe.

Haka na shiga damina na fita. Jirgin yana da ɗan agogo a gaba wanda ya mutu tun kafin ya zo hannuna, don haka da turmi nake auna tafiya. In mai ɗakina ta fara daka sai in hau, taɓarya na sauka ina ja, ba na tsayawa sai ta gama surfe da tankaɗe. Ta gane haka, ranar da na ɓata mata rai sai ta ƙaro gero. A ranakun ƙarfe kuma na ƙara ɗaukar bido biyu, wato jarkoki, cike da ruwa ina zagaya tsakar gida don tafin hannu ya yi ƙarfi. Ta kalle ni kwana biyu, ta ce tunda ruwan yawo yake so, ga hanyar famfo can, ga randa nan. Tun daga ranar ban sake ganin randarmu da ƙishi ba.

Tafiya kam na yi ta. A lissafina na wuce Yamai tun kafin gero ya yi kai, na gangara Gaya lokacin girbi, da aka fara yaƙin zaɓe don mayar da mulki ga farar hula kuwa ina tsakiyar teku, ina ɗaga wa yayana hannu. Motocin 'yan siyasa na wucewa da lasifika, ni ina ɗaki ina huci. Tumbin ya fara janyewa kamar ruwan tabki, har na sake ganin yatsun ƙafata, muka gaisa, na tambaye su bayan rabuwa. Ranakun ƙarfe sun sa ja ɗaya na jirgi ya ƙara ƙarfi, ranakun jirgi kuma sun sa in na ajiye ƙarfe ba na neman bango in jingina. Na tabbata a duk Kurfai ba mai numfashina, in ka cire raƙuma.

Wata Lahadi, bazara ta kusa, taubashina ya zo kasuwa sayen sabuwar igiya, ya biyo gidana. Ranar jirgi ce, kuma ina tsakiyar tafiya. Mai ɗakina ta nuna masa ɗakin da taɓarya. Ya tsaya bakin ƙofa, igiya naɗe a kafaɗarsa, ya kalle ni sama da ƙasa.

"Bawana, mi nike gani haka? An kore ka daga mota ka koma tuƙin gado?"

Amsa ta zo mini har bakin leɓe, mai kyau kuwa. Amma wanda ya hau abin nan ya san bakin mutum ba nasa ba ne in tafiya ta yi nisa. Iska ke shiga, iska ke fita, in ka saka magana a tsakani sai bugun ya ɓace, ƙirji ya kama wuta. Na haɗiye ta na ci gaba.

Ya ce wane irin matuƙi ne ke juya wa gabansa baya. Ya ce in na isa in gaishe da kifi. Ya ce gwaggo ta ce tun ina jariri ba a taɓa ganin bakina rufe ba sai da nono a ciki. Ƙafa, baya, hannu. Hannu, baya, ƙafa. Ban tanka ba. Can sai na ji shi ma ya yi shiru. Ya shigo ya tsuguna gefe, yana kallon ƙafafuna a tokare, yana kallon hannuna a kan mariƙi, har taɓarya ta tsaya a waje. Da na sauko ina share gumi na ce to yanzu ya maimaita duk abin da ya faɗa, ɗaya bayan ɗaya, in biya shi. Bai maimaita ba. Ya tambaye ni ko kullum haka nake yi, tun daga fari har ƙarshe ba magana. Na ce dole ce ta sa. Ya ce to, ya sha ruwa ya tafi neman motar ƙauye.

Daren yasa bai zo ba sai da Baffa ya sake kirana, da la'asar, a zaurensa. Wannan karon na bar shi ya kai ƙarshen maganarsa. Ya ce mai kan igiya ba ya magana, ba ya dariya, ba ya waiwaye, tun daga saukar mutum har a naɗe igiya. Murya takan fito daga rijiya, amma ranar da iskar ƙasa ta ɓaci ta ɗauke wa mutum numfashi, ba ya iya kira, igiya kaɗai ke faɗa, kuma a hankali take faɗa. Ya ce bara ma ba don tumbi aka wuce ni ba.

"Na hwaɗa maka wanga tun bara," in ji shi. "Kana tura mota daga Damana."

Da safe aka taru. Ɗan gidan gabas ya riga ya tsaya kusa da gungume, yana shafa ƙasa a tafinsa. Taubashina ya ɗaura igiya a ƙugu, ya gwada ƙullin, ya yi bisimilla. Ya ɗauki kan igiya ya tako. Ya tsaya tsakaninmu, sannan ya ɗora mini ita a hannu.

"Riƙe, bawa. In ka yi magana, Allah ya isa."

Na zauna a gurbin babana, na tokare ƙafafu. Igiyoyin shekaru sun sassaƙa gungumen nan, duga-dugaina suka faɗa cikin wasu ramuka biyu kamar an auna su da ni. Muka sauke shi a hankali har igiya ta yi sako-sako, na ji ya taka ƙasa. Na tattaro ta har ina jin motsinsa a tafina: ga sunkuyawa, ga ɗagowa, ga guga ya cika.

Sai ya fara. Ban taɓa sanin rijiya na ƙara wa zagi daɗi ba sai ranar. Ya ce a gaya wa matuƙin jirgi ga ruwa nan ƙasa in yana son ya ga kamanninsa. Ya ba da labarin ranar da kaza mai 'ya'ya ta kore ni har cikin rumbu. Ya ce mai ɗakina don tausayi ta aure ni, danginta har yau suna yi mata jaje. Samarin igiyar yashi na faɗuwa don dariya, mata sun daina rufe baki. Kowace magana tasa ina da amsarta, da ƙanwar amsar, da jikarta. Suka taru a maƙogwarona har na ji wuyana ya fi damtsena kauri. Na yi abin da na saba a ɗaki: iska ta shiga, iska ta fita. Rana ta hau, gumi ya cika mini ido, ban saki hannu na share ba.

Wajen tsakar rana ya ɗauko wani sabo. "Ku tambaye shi ranar da jakin Baffa ya..."

Ya tsaya. Mutane suka yi shiru suna murmushi, suna jiran ƙarshen, don duk sun san yana son ja wa labari rai. Ni kuwa abin da na ji a tafina daban ne. Igiyar ta ɗan yi rawa, irin rawar da ba ta aiki ba, sannan wani nauyi ya sauka a kanta a hankali, kamar an rataya buhu.

Ban jira umarnin kowa ba. Na tura ƙafa. Igiya ta ƙi. Ƙafafun taubashina sun nutse cikin jiƙaƙƙen yashi, rijiya ta riƙe shi. Na gyara zama, na miƙe baya, na tura gungumen nan kamar ranar da na ƙara wa gwangwanayena siminti, har na ji yashin ya sake shi. Ƙartin baya suka farga suka kama. Daga nan tafiya ce: in tura, in kwanta, in kawo hannu, su riƙe abin da na jawo, in zame gaba in sake kamawa. Na ce muku rijiyar nan tana da zurfi. Ranar ta ƙara. Amma na sha zuwa Gaya a zaune, numfashina bai ko tambaye ni saura nawa ba.

Kansa ya fito a langaɓe, fuskarsa ta yi toka-toka, yashi har cinya. Aka kwantar da shi a inuwa, aka kwance masa igiya, ana yi masa fifita ana yayyafa ruwa. Gwaggo ta iso ba ɗankwali. Can ya yi tari, ya buɗe ido, ya bi fuskoki da kallo har ya same ni. Ya motsa baki, kowa ya sunkuya don a ji.

"...ya kada shi cikin kashin shanu," in ji shi, "gaban 'yan matan gari."

Gwaggo ta kai masa duka a kafaɗa tana kuka tana dariya. Na buɗe baki, don bashin safiya guda na wuyana, sai Baffa ya ɗaga yatsa ya nuna igiyar da ke zube a ƙasa. Ba a naɗe ta ba tukuna. Ba a taɓa naɗe igiya da sauri irin na ranar ba a ƙasar Kurfai. Da na ɗaure bakinta na ajiye, na juyo na fara daga kazar, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na yi magana har inuwa ta juya, har awakin da ke jiran ruwa suka gaji suka tafi. Shi yana kwance ba ƙarfin ramawa, sai ɗaga hannu yake yi yana cewa a kai shi gida.

Aikin bai ƙare ba ranar. Aka yini ana zura rassan bedi cikin rijiya ana jawowa don iska ta sauya, aka bar ta ta kwana a buɗe. Washegari taubashina ya ce shi zai koma, ba mai ƙarasa masa aikinsa. Ya ɗaura igiya, ya ɗauki kanta, bai dubi gabas ba bai dubi yamma ba, ya jefo mini ita tun daga nesa kamar mai jefa wa kare ƙashi, ya ce in riƙe da kyau don yau labarin aurena zai bayar. Ɗan gidan gabas ya zo ya zauna a bayana, ya kama igiya tare da sauran ƙarti.

Da aka gama, Baffa ya saɓa igiyar da kansa, duk da rawar hannun, ya kai ta zaurenmu ya rataye a ƙahon da babana ke rataye ta. Ya ce in koma wa jirgina, kada in bar ƙarfen ma ya yi tsatsa, don bawan nan nawa ya fara ƙiba.